Matashin da ya yi lalata da yaro: ina gaskiya, ina jita-jita?

Idan aka ce an kama ɗan shekara 13 ko 15 ya yi lalata da ƙaramar yarinya ko ƙaramin yaro, kafin a je kotu unguwa ta gama yanke hukunci. Wani zai ce hali zanen dutse ne, wanda ya fara ba ya dainawa. Wani ya ce ai da gani ba shi da hankali. Wata kuma ta ce shi ma haka aka yi masa yana ƙarami. Fushin jama'a yana da dalili, kuma wanda aka zalunta shi ne ya fi cancantar a fara kulawa da shi. Sai dai matakin da aka gina a kan jita-jita ba zai kare yaro na gaba ba. Masu bincike a Amurka, Kanada, Birtaniya da Holan sun daɗe suna bin diddigin irin waɗannan matasa, kuma abin da suka gano ya isa a auna maganganun da ake yi.

“Manya ne kaɗai ke aikata wannan”

Ba gaskiya ba ne. A 2009 David Finkelhor da abokan aikinsa sun duba bayanan 'yan sandan Amurka, suka tarar kashi 35.6 cikin ɗari na waɗanda aka kama da laifin lalata da yara su ma ba su kai shekara 18 ba. Kusan ɗaya cikin takwas ɗinsu bai ma kai shekara 12 ba, kuma kashi 7 cikin ɗari mata ne. Iyayen da suka zuba ido ga baƙo kawai, suka manta da ɗan maƙwabci ko yayan da ake bar wa ƙanne, sun bar wata babbar ƙofa a buɗe.

“Wanda ya yi sau ɗaya zai sake”

Ga mafi yawansu ba haka abin yake ba. A 2016 Michael Caldwell na Jami'ar Wisconsin ya tattara bincike 106 da suka ƙunshi matasa 33,783. Bayan an bi su na kimanin shekara biyar, waɗanda aka sake samu da laifin lalata ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. A binciken da aka yi daga 2000 zuwa 2015 adadin ya sauka zuwa kashi 2.75.

Waɗannan alƙaluma suna ƙirga wanda aka sake kamawa ne ko aka gurfanar, alhali laifin lalata na cikin laifuffukan da aka fi rufewa, don haka ainihin adadin zai haura haka. Duk da haka, ko da aka bi wasu matasa a Toronto ta Kanada har tsawon shekara 20, mafi yawansu ba a sake tuhumarsu da irin wannan laifi ba. Inda maganar jama'a ta yi kusa da gaskiya shi ne wasu laifuffukan daban. A wani nazarin Caldwell na 2010, kashi 43 cikin ɗari sun sake faɗawa hannun hukuma, galibi kan abubuwa irin su sata, faɗa da ƙwaya. Matashin da aka yi watsi da shi ya fi kusa da zama ɓata-gari a kan ya sake yin lalata.

“Taɓin hankali ne ke sa su”

A nan gaskiya da kuskure suka cakuɗe. Gaskiya ne matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa ta yi yawa a cikinsu. Wani nazari da Cyril Boonmann da abokansa suka fitar a 2015 ya nuna kusan bakwai cikin goma suna da aƙalla matsala ɗaya da likita zai iya tantancewa. Amma wace iri? Wadda ta fi yawa ita ce kangara mai tsanani, wato yaro ya saba da ƙarya, sata, faɗa da take doka. Daga nan sai shaye-shaye, fargaba, rashin natsuwa da ciwon damuwa. Hauka irin wanda mutum ke jin muryoyi ko ya kasa bambance zahiri da mafarki ba shi da yawa. Seena Fazel na Jami'ar Oxford ya duba matasan da ke tsare kan laifuffuka iri-iri a 2008, ya tarar kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai ke da shi.

Ke nan mafi yawansu sun san abin da suka yi, kuma ciwon bai zama uzuri ba. Haka kuma ba daidai ba ne a riƙa kallon duk yaron da ke fama da damuwa ko yake zuwa asibitin ƙwaƙwalwa a matsayin haɗari ga yara. Abubuwan da aka fi alaƙantawa da sake aikata lalata daban suke: sha'awar da ta karkata ga ƙananan yara ko ga tilastawa, cutar da fiye da mutum ɗaya, sake yi bayan an taɓa hukunta shi, zaman kaɗaici ba aboki, da kuma barin magani ba a kammala ba. Kangara, ƙwaya da miyagun abokai kuwa su suka fi jan matashi zuwa sauran laifuffuka. Shi ya sa ake duba lafiyar ƙwaƙwalwar kowane ɗayansu, domin yaron da damuwa ko ƙwaya ta danne ba zai iya amfana da gyaran da ake yi masa ba.

“Wanda aka yi wa, shi ma zai yi wa wani”

Wannan magana tana cutar da waɗanda aka zalunta, kuma akasarinta kuskure ce. Michael Seto da Martin Lalumière sun haɗa bincike 59 a 2010, suka ga lallai matasan da suka yi lalata sun fi sauran masu laifi yawan tarihin cin zarafi irin wannan a ƙuruciya. Amma idan aka faro lissafin daga ɓangaren waɗanda aka zalunta, sakamakon ya sha bamban. Mujallar Lancet ta wallafa wani bincike a 2003 kan yara maza 224 da aka ci zarafinsu a Birtaniya, inda 26 kawai, wato kashi 12 cikin ɗari, aka samu sun cutar da wasu daga baya. Saura kusan tara cikin goma ba a same su da hakan ba. Yaron da aka yi wa fyaɗe magani da kariya yake buƙata, bai kamata a ɗora masa zargi kan laifin da bai aikata ba.

“A tona masa asiri, a sa sunansa a rajista, yara za su tsira”

Amurka ta gwada. Dokar Adam Walsh ta 2006 ta tanadi sanya matasa daga shekara 14 da suka aikata manyan laifuffukan lalata a rajistar masu laifi. Elizabeth Letourneau ta bi sakamakon irin wannan tsari a jihar South Carolina, ba ta ga ya rage sake aikata laifin ba. A 2018 ita da abokan aikinta a Jami'ar Johns Hopkins suka gano cewa yaran da ke rajista sun ninka waɗanda ba sa ciki sau huɗu wajen yunƙurin kashe kansu, kuma sun ninka su sau biyar wajen samun wani babba ya neme su da lalata. Wannan darasi ya shafi Najeriya, inda dokar hana cin zarafi ta VAPP ta 2015 ta tanadi rajistar masu laifin fyaɗe, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP kuma ta ƙaddamar da ta ƙasa a 2019. Abin da ya dace da magidanci ɗan shekara 40 ba lallai ya dace da ɗan shekara 14 ba.

“Magani ɓata lokaci ne”

Ba gaskiya ba ne. Charles Borduin ya gwada wani tsari a jihar Missouri inda mai ba da shawara ke shiga gidan yaron, ya yi aiki da iyaye, da makaranta, da batun abokan da yake bi. Bayan kusan shekara tara, kashi 8 cikin ɗari ne aka sake kamawa da laifin lalata, a ɗaya rukunin da aka yi wa kulawar da aka saba kuwa kashi 46. Matasa 48 ne kacal a gwajin, amma binciken Toronto ma ya nuna hanya ɗaya: kashi 9 ga waɗanda suka sami magani na musamman, kashi 21 ga waɗanda ba su samu ba.

Duk wannan bai ce a rufe magana a cikin gida don gudun abin kunya ba. Rufa-rufa tana barin wanda aka zalunta ba magani, ta bar mai laifi ba gyara. Abin da hujjoji suka goyi baya shi ne a kai rahoto, a kai wanda aka cuta asibiti da gaggawa, a raba matashin da ƙananan yara, likita ya duba shi, sannan iyayensa su shiga aikin gyaran har a kammala.