Noman Rani A Ƙasar Kaura: Yadda Wata Huɗu Zai Zama Wata Goma

Kowane manomi a Sakajiki da sauran garuruwan ƙasar Kaura Namoda, har zuwa Shinkafi da Zurmi, ya san lissafin nan ko da bai taɓa zama a aji ba: damina wata huɗu ce, ciki kuwa wata goma sha biyu yake neman tuwo. Ruwa yakan zauna cikin Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan sai hunturu, sai bazara, ƙasa ta bushe ƙayau, samari su ɗaure kaya su tafi cin rani.

A ce gida yana cin mudu biyu na hatsi kullum. Watau a shekara yana bukatar mudu 730, ban da iri, ban da zakka, ban da abin da za a sayar don suna ko magani. In rumbu ya ƙare cikin Yuni ko Yuli, lokacin da hatsi ya fi tsada, sai maigida ya ci bashi, ko kuwa ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa gonar ciyawa tana cinye ta. Ta haka yunwar bana takan haifi ta baɗi.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. An yi yunwar Kakalaba a 1914, an yi wadda aka sa wa suna 'Yar Gusau a 1942, ga kuma farin 1973 da na 1984 waɗanda dattawa da yawa suka gani da idonsu. Ba mai iya ƙara wa damina kwana. Amma manomi yana iya ƙara wa nomansa watanni, ta gaba da ta baya, in ya bi hanyoyin da za a bayyana a nan.

Tun Kafin Ruwa Ya Sauka

Hanya ta fari ita ce kada zuban farko ya wuce a banza. Kakanni sun san binne, watau shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya zo. Riba ce in ruwan ya ɗore, hasarar iri ce in ya yi yayyafi ya tsaya. Manoman Illela ta jihar Tawa, a Nijar, sun sami abin da ya rage wannan kasada. Wajen 1989 waɗansu daga cikinsu suka ziyarci ƙasar Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ƙananan ramuka a kan fako, suka komo gida suka yi ta yi, suna kiransa tassa. Ramin faɗinsa kamar taƙi ɗaya ne ko fiye kaɗan, zurfinsa bai kai haka ba. Ana tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare, a zuba taki kamar tafi biyu a ciki tun da rani. Ruwan da zai gudu sai ya taru a ramin, gara kuma ta bi takin ta huda ƙasa, ruwa ya shige. Shukar da ke ciki takan jure tsayawar ruwa fiye da ta fili.

Sa'an nan sai zaɓen iri. Maiwa da doguwar dawa suna son damina mai tsawo. Geron Sosat kuwa, wanda cibiyar binciken gona ta Maiduguri ta fitar a 2000, yakan nuna cikin wata uku ko kusa da haka. Akwai kuma irin wake na Samaru da na cibiyar IITA masu nuna cikin kwana 60 zuwa 70. Mai hankali ba ya watsar da irin gado, sai dai ya raba gona: wani sashe mai saurin nuna don ya tare yunwar Agusta, wani sashe mai jinkiri don rumbu da kara.

Noman Raɓa

Bayan ruwa ya ɗauke, tudu ne ke bushewa da wuri. Fadama takan riƙe laima. Ƙasar nan kuwa tana da rabonta na fadama, gama gulbin Gagare ya bi ta Kaura Namoda, gulbin Bunsuru ya bi ta ƙasar Zurmi, suka haɗu can arewa suka zama gulbin Rima mai wucewa ta Goronyo zuwa Sakkwato. Duk inda ruwa ya kwanta da damina ya janye, akwai danshin da zai riƙe dankali, da kankana, da wake, da rogo, ba tare da ban ruwa mai yawa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: a bi ruwan yayin da yake janyewa, a shuka tun ƙasa tana da taushi. Wanda ya jira sai ya gama sussukar gero, ya tarar da ƙasa ta tsage. Da sanyin safiya ake kama fara.

Daga Jigo Zuwa Inji

Lambu shi ne babban aikin rani. A da jigo ne da guga, mutum ya wuni yana sunkuyo, abin da zai shayar bai wuce 'yan fangaloli ba. Gwamnati ta gwada manyan madatsun ruwa, Bakolori a 1978 da Goronyo a 1984, amma wanda gonarsa ba ta kusa da magudanarsu bai ga amfaninsu ba, a Bakolori ma rikicin filaye ya ci rayukan manoma a 1980. Abin da ya isa hannun talaka shi ne ƙaramin injin fetur da rijiyar bututu, waɗanda suka fara yaɗuwa cikin shekarun 1980, sa'an nan shirin Fadama na farko, da taimakon Bankin Duniya, ya baza su daga 1993 zuwa 1999.

A lura da abu guda kafin a kashe kuɗi. Injin da ke zaune a bisa ƙasa ba ya iya zuƙo ruwan da ya zarce zurfin mita 7 ko kusa da haka, kome ƙarfinsa. Ruwan ƙasa kuwa yana sauka yayin da rani ke nisa. Saboda haka a tambayi masu rijiya na kusa inda ruwansu ke tsayawa cikin Maris, kada a dogara da abin da aka gani cikin Nuwamba.

Tun da aka janye tallafin fetur cikin Mayu 2023, kuɗin mai ya zama babban nauyi a kan mai lambu. Waɗansu sun juya injinsu ya koma aiki da gas, waɗansu sun haɗa kuɗi sun sayi famfo mai aiki da hasken rana, wanda saye ne mai tsada amma ba ya shan mai. Kowanne aka zaɓa, tattalin ruwa shi ne tattalin kuɗi. Da sanyi, fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 yana bukatar kimanin lita 600 kullum, watau jarka 24 mai lita 25. Da bazara abin yakan ƙaru ƙwarai. A yi ban ruwa da sassafe ko da maraice. A rufe gindin shuka da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa. A kafa shingen kara ta gabas da arewa, inda iskar hunturu ke fitowa, gama iskar nan tana busar da fangali kamar yadda rana ke yi.

Kowane Iri Da Watansa

Yawancin hasarar lambu daga makara take. Tumatir da albasa da alkama 'yan sanyi ne. A yi komin tumatir tun cikin Satumba ko Oktoba, a dasa bayan mako huɗu. Albasa takan yi mako shida zuwa takwas a komi, sa'an nan ta yi wata uku zuwa huɗu bayan dashe. Alkama kuwa daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta, wanda ya wuce haka zafi zai riske ta tana fitar da kai, ƙwaya ta shanye. Tumatirin da ya makara haka yake: in zafin Afrilu ya zo, fure sai ya yi ta zuba ba 'ya'ya.

Da zafi ya fara, sai a juya ga masu jure shi: kuɓewa, da alayyafo wanda ake yanka cikin mako huɗu, da masarar gashi. Mai tumatir kuma ya riƙa duba bayan ganye, gama tsutsar nan mai huda ganye da ta hallaka tumatirin Kano da Kaduna a 2016 ba ta bar ƙasar ba. A tumɓuke tsohuwar shuka a ƙone, kada a maimaita tumatir a fangali ɗaya shekara da shekara.

In Fadama Ba Ta Shiguwa

Ba a maganar noma a arewacin Zamfara a tsallake maganar tsaro. Cikin Oktoba 2021 'yan bindiga sun faɗa wa Sakajiki da dare suka kashe mutum 12. Wata guda kafin nan, gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma yanke layukan waya, don a takura wa ɓarayin daji. Mai lambu ma ya ji a jikinsa, gama inji ba ya tashi ba mai, tumatir kuwa ba ya jiran a buɗe kasuwa. Gonaki da yawa na nesa sun kwana ba a noma su ba.

Don haka lambun cikin gida ya daina zama abin raini. Zogale biyu ko uku a bayan ɗaki, buhunan taki tsofaffi cike da ƙasa da takin awaki, a shuka alayyafo da yakuwa da barkono, a shayar da su da ruwan ɗauraya wanda ba shi da sabulu mai yawa. Wannan ba zai cika rumbu ba, amma zai ɗauke kuɗin cefane, yara su sami ganye a miya cikin watannin da ganye ya yi wuya. Aikin nan mata ne suka fi iya shi, sai dai a sama musu shinge saboda akuya.

Ga 'Yan Kasuwa Da Malaman Ofis

Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, a zamanin ya yi ta kwasar gyaɗa da auduga, kayan da ba sa ruɓa. Kayan lambu ba haka suke ba. In kowa ya dasa rana ɗaya, kowa zai tsinka rana ɗaya, kwando ya faɗi warwas cikin Fabrairu da Maris. Maganin abin shi ne a rarraba dashe, mako biyu tsakani. Abin da kasuwa ta ƙi, a yanka a shanya ya zama kauɗa, a kan tabarma ko leda mai tsabta, ban da gefen titi. Albasa a bar ta ta sha iska wuyanta ya bushe kafin a sa ta a rudu, gama wadda ta kai damina lafiya ita ce mai kuɗi. Don ganye da tumatir na 'yan kwanaki, akwai dabarar marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa: tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen zane, a ajiye a inuwa inda iska ke bi.

Ɗan kasuwa ko malamin ofis mai 'yan kuɗi a hannu yana iya sayen inji, mai fili ya kawo fili da ƙarfi, a raba amfani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a rubuta sharaɗi gaban shaidu tun ran farko: wa zai sayi mai, wa zai gyara inji, yaya za a yi in shuka ta lalace. Zumunci da yawa ya ɓaci a kan rashin wannan 'yar takarda.

Aikin rani tun da damina ake soma shi. Wanda ke da niyya ya tanadi iri da taki, ya duba injinsa, ya yi magana da mai fadama tun gero yana tsaye, ya kuma nemi shawarar malamin gona na yankinsa game da irin da ya dace da ƙasarsa. Allah ya ba da zaman lafiya da amfani mai albarka, amin.