Abin da Kare Ke Faɗa Kafin Ya Yi Cizo

A ƙasar Kudan, tun daga Taba har Likoro da Hunkuyi, da maƙwabciyarta Makarfi, kare ba baƙo ba ne. Yana ruga yana tsaron shanu, yana bakin fadama yana gadin rake da tumatir, in rani ya yi kuma shi ne a gaban 'yan farauta. Duk da wannan hidima, kaɗan ne cikinmu suka taɓa tsayawa suka dube shi da idon basira. Yaro ya tashi ya tarar ana jifan kare, shi ma sai ya sunkuya ya ɗauki dutse. Ran da aka ciji wani kuwa, magana ɗaya ce a bakin kowa: "Haka kawai ya far masa." Da wuya hakan ta zama gaskiya. Kare mai lafiya yakan ja kunne sau da yawa kafin ya kai baki, mu ne dai ba mu koyi ganin jan kunnen ba.

Gargaɗinsa daga ƙasa yake farawa. Idan abu ya dame shi, sai ya kau da kai, ya riƙa lasar hanci, ko ya yi ta hamma alhali ba barci yake ji ba. In ba a kula ba, sai kunnuwa su kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, ya riƙa kallonka ta gefe har ka ga farin idonsa. Duk wannan roƙo ne a ba shi wuri. Sai an matsa masa ne jikinsa zai sandare, gashin bayansa ya miƙe, ya yi gurnani, ya yage baki ya nuna fiƙa. Daga nan babu abin da ya rage sai cizo.

Nan ne masu karnuka da yawa ke tafka kuskure. Kare ya yi gurnani, sai a zabga masa sanda wai don a koya masa ladabi. Abin da ya koya shi ne gurnani na jawo duka. Tsoron da ya sa shi gurnanin yana nan, gargaɗin ne kawai aka kashe, gobe sai ya yi cizo shiru. Haka kuma kaɗa wutsiya ba kullum take nufin maraba ba. In tana lilo a sake, ƙugu na binta, to murna ce. In ta miƙe sama ƙiƙam tana karkarwa da sauri, jiki a ɗaure, ka ja da baya.

Tsofaffin mafarauta sun riga kowa sanin yawancin wannan, ko da ba su karanta a littafi ba. Shi ya sa ba sa son karɓar babban kare, sun fi son kwikwiyo su raine shi da hannunsu, ya saba da muryarsu da fitonsu. Bincike ya ba su gaskiya. Wasu masana biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin 'yan kwikwiyo, suka fitar da sakamakonsu a 1965. Sun nuna cewa daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa ne kwikwiyo ke koyon wane ne nasa, wane ne abin tsoro. Wanda a wannan tsakani ya saba da yara da awaki da kaji da ƙarar babur cikin kwanciyar hankali, zai girma da natsuwa. Wanda yara suka ɗaure wa igiya a wuya suna ja a layi, ya riga ya ɗauki darasinsa game da yara, kuma da wuya ya manta.

Akwai wani abu da ke ruɗin mutane. Ka dawo gida ka tarar kare ya yi ɓarna, ka daka masa tsawa, sai ya laɓe yana sunkuyar da kai, ka ce ai ya san laifinsa. A 2009 wata mai bincike a birnin New York, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan. Ta gano karnuka na yin wannan laɓe-laɓe ne saboda faɗan mai su, ko sun yi laifin ko ba su yi ba, har ma waɗanda ba su taɓa komai ba sun fi nuna shi idan an yi musu faɗa. Kare ba ya haɗa dukan yamma da ɓarnar safe. Abin da ya fi saurin shiga kansa shi ne lada nan take: ya zo da ka kira, ka jefa masa ɗan ƙanzo ko guntun nama, ka shafa shi.

To me yake bukata? Ba abu mai tsada ba. Da hanci kare ke sanin duniya. Ƙwayoyin jin wari a hancinsa sun kai ɗaruruwan miliyoyi, na mutum kuwa 'yan miliyoyi ne kawai. Saboda haka yawo da sunsune-sunsune a wajensa ba wasa ba ne. Karen da aka ɗaure da gajeriyar sarƙa dare da rana, ba ya fita, ba mai yi masa magana, shi ne ke kwana yana haushi, shi ne kuma ya fi haɗari, domin in ya tsorata ba shi da hanyar gudu sai faɗa. Masu cewa yunwa da ɗauri ke sa kare ya iya gadi, a ganina sun ɗauki firgici a matsayin jarunta. Irin wannan kare ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci da aka aiko karɓar wuta. Sannan kare ba ya yin gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, don haka a zafin Maris da Afrilu inuwa da ruwa wajibi ne. A cire masa kaska, a kuma kiyaye shi da ragowar miya mai yawan albasa, domin albasa na lalata masa jini.

Wani zai ce ai kare najasa ne, ina ruwanmu da damuwarsa. A mazhabar Malikiyya da muke bi a wannan ƙasa, kare mai rai ba najasa ba ne. Hadisi ya halatta ajiye shi don farauta da kiwo da gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren mai farauta ya kamo, kuma Bukhari da Muslim duk sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba dole ba ne ka ajiye kare. Amma in ka ajiye, haƙƙinsa na wuyanka, in kuma ba naka ba ne, babu abin da ya halatta maka jifansa.

Kare ɗaya ne ba ya gargaɗi, shi ne mahaukaci. Sanin halin mai lafiya ne ke sa a gane shi da wuri: karen da aka sani da natsuwa ya koma cizon duk abin da ya tarar, ko mai kazar-kazar ya yi laushi, haɓa ta saki, yawu na dalala, murya ta canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Alhali rigakafinsa ya daɗe, tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum a Faransa. A nan gida cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin allurar karnuka, ga kuma asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar da ba ta da nisa daga Kudan.

Iyaye, ku koya wa yara kada su taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, kada su kusanci karya mai shayarwa, in kuma baƙon kare ya nufo su, su tsaya cak, su kau da ido, kada su ruga. Mai kare ya kai shi allura tun yana wata 3, ya kuma riƙa sabuntawa duk shekara. In cizo ya auku, ko da ƙwarzane ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira a ga yadda za ta kasance.