Kuɗin Ƙofa: Ƙidayar Cinikin Fim da Hasashensa, Tare da Misali Daga Garwa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zuba jari a fim yana da tambaya guda da ke hana shi barci: nawa wannan fim zai dawo da su, kuma yaushe? A ƙasashen da harkar sinima ta kafu, amsa wannan tambaya ta zama sana'a mai zaman kanta. Akwai masu ƙidaya kuɗin da ’yan kallo suka biya a tagar tikiti kowane dare, akwai kuma masu ɗora hasashe a kan wannan ƙidaya domin su faɗi abin da fim zai tara kafin shekara ta ƙare. Wannan takarda za ta kira waɗannan kuɗi “kuɗin ƙofa”, kamar yadda ake kiran abin da ake biya a shiga gidan dambe ko gidan wasa. Za a fara da bayanin yadda ake ƙidayar da hasashen a inda aka tsara su. Daga nan za a dubi Garwa da arewacin Kamaru, inda masu kallo suke da yawa amma ƙidayar ta yanke.

2.0 Yadda Ake Ƙidaya

A Amurka bisa al'ada sabon fim yana fita ranar Juma'a. Kowane gidan sinima yana aika adadin abin da ya sayar zuwa ga kamfanin da ke tattara alƙaluma, wanda mafi shahara a wannan fage shi ne Comscore. Ranar Lahadi ake fitar da ƙiyasin cinikin kwana uku na farko, ranar Litinin kuma a fitar da tabbataccen adadi. A Faransa fim yana fita ranar Laraba, kuma abin da aka fi kula da shi shi ne yawan mutanen da suka shiga, ba yawan kuɗi ba. Hukumar fina-finai ta ƙasar, wato CNC, wadda aka kafa a 1946, ita ke sa ido a kan tikiti, domin akwai haraji a kan kowane ɗaya wanda ake mayarwa cikin harkar shirya fim.

Bambancin nan yana da muhimmanci ga mai nazari. Kuɗi suna ruɗi, domin farashin tikiti yana hawa, darajar kuɗin ƙasa tana sauka. Fim na iya tara kuɗin da suka fi na bara alhali mutanen da suka kalle shi ba su kai na bara ba. Haka kuma, kuɗin ƙofa ba riba ba ne. A Amurka kusan rabinsu gidajen sinima ke riƙewa, sauran kuma sai an cire kuɗin talla da ladan mai rarrabawa kafin mai fim ya ga wani abu.

3.0 Yadda Ake Hasashe

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu hasashe ma a kan haka suke aiki. Kafin fim ya fita suna duba abubuwa kamar sunan jarumai, da irin labarin, da yawan gidajen da za a nuna shi, da kuɗin da aka kashe a talla, da lokacin fitarsa, da kuma fina-finan da za su yi takara da shi. Sai su nemo tsofaffin fina-finai masu kama da shi, su ga abin da suka tara. Wannan shi ne mataki mafi rauni, kuma a nan aka fi yin kuskure.

Da zarar makon farko ya wuce, hasashe yakan samu ƙasa mai ƙarfi da zai taka. Dalili shi ne cinikin fim yakan riƙa raguwa mako bayan mako a kan wani ma'auni da ba ya cika sauyawa. A ɗauka, alal misali, wani fim ya tara miliyan 10 a makon farko, kuma kowane mako cinikinsa yana raguwa da rabi: 10, sai 5, sai 2.5, haka har ya ƙare. Jimillar ba za ta wuce miliyan 20 ba. Amma idan raguwar kashi 30 cikin 100 ce kawai, jimillar za ta kai wajen miliyan 33. Ƙa'idar ita ce a raba cinikin makon farko da ma'aunin raguwa. Ke nan mako na biyu ya fi na farko faɗin gaskiya, domin na farko talla ce ta kawo mutane, na biyu kuwa bakin waɗanda suka kalla ne.

Misalai biyu sun isa su nuna haka. Titanic ya fita a Disambar 1997, ya tara kimanin dalar Amurka miliyan 28 a kwana uku na farko a kasuwar Amurka, amma ya yi mako 15 a jere yana kan gaba, har ya kai miliyan 600. Batman v Superman na 2016 ya buɗe da miliyan 166, sai cinikinsa ya faɗi da kusan kashi 69 cikin 100 a ƙarshen mako na biyu, ya tsaya a wajen miliyan 330. Wanda ya yi hukunci da daren farko kawai zai yi lissafin dokin Rano a duka biyun.

Hasashen shekara guda kuwa tara hasashen fina-finai ne a kan kalanda. A Amurka lokacin hutun bazara da na Kirsimeti ne kakar ciniki. A Indiya manyan fina-finai suna jiran Diwali ko Sallah. A Nijeriya, inda ƙungiyar masu gidajen sinima ta CEAN ke fitar da alƙaluma, watan Disamba ne: A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya fita a Disambar 2023, kuma a Janairun 2024 ya zama fim ɗin Nijeriya na farko da ya haye naira biliyan 1. Duk da haka akwai abin da kalanda ba ta gani. A 2019 kuɗin ƙofa na duniya sun haura dala biliyan 42, a 2020 annobar korona ta mayar da su wajen biliyan 12.

4.0 Garwa: Lokacin da Akwai Taga

Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru, tana bakin kogin Binuwai, ba nisa da Yola. Fulatanci ne harshen kasuwa, amma akwai tsofaffin unguwannin Hausawa da ’yan kasuwa masu zirga-zirga zuwa Nijeriya. A shekarun 1970 Kamaru tana da gidajen sinima kimanin 32. A arewa sunayen da aka fi tunawa su ne Ribadou a Garwa, da Diamaré a Marwa, da Adamaoua a Ngaundere. Fina-finan Indiya da na karate da na Amurka su ne abincin ’yan kallo.

A wancan zamani akwai ƙidaya, sai dai ba domin mai fim na gida aka yi ta ba. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su suka daɗe suna riƙe da rarraba fina-finai a ƙasashen Afirka renon Faransa, kuma su suka san abin da kowane gari ke kawowa. A 1973 gwamnatin Kamaru ta kafa asusun FODIC domin tallafa wa shirya fim da tsara sayar da tikiti. Muddin tikiti yana da lamba kuma akwai mai duba shi, ana iya sanin mutum nawa suka shiga.

Abubuwa da dama suka haɗu suka rufe wannan taga. Gidan talabijin na ƙasa ya fara aiki a 1985. Kaset ɗin bidiyo ya shigo, ƙananan gidajen kallo suka bazu a unguwanni da farashin da babban gidan sinima ba zai iya gasa da shi ba. Tattalin arziki ya taɓarɓare, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, hayar fim daga waje ta ninka. A Janairun 2009 gidaje uku da suka rage a ƙasar suka rufe: Abbia a Yawunde, da Wouri a Duwala, da Empire a Bafusam. Na arewa sun riga su. Sababbin gidajen da kamfanin CanalOlympia ya buɗe a 2016 da 2017 a Yawunde da Duwala aka gina su, ɗaruruwan kilomita daga Binuwai.

5.0 Kwali a Matsayin Tikiti

Rufe gidajen sinima bai rage sha'awar kallo ba. A daidai wannan lokaci ne fim ɗin Hausa na Kano ya taso, daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya da Wasila a wajejen 2000, kuma kaset ya bi hanyar fatake ta Yola da Mubi ya shiga Garwa da Marwa. Kasuwar Kano ta ƙirƙiro nata ma'auni. Furodusa yakan ba ’yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata uwar kaset, ya buga kwalaye masu hoton fim ya sayar musu, su kuma su kwafi kaset su saka a ciki. Yawan kwalin da ya tafi shi ne cinikin fim, wanda ya yi kwantai kuma a dawo wa mai shi. Hasashe a nan shi ne yanke shawarar kwali nawa za a buga da farko.

Amma ƙidayar kwali tana tsayawa a bakin iyaka. Kaset guda da ya isa Garwa ana iya kwafarsa sau da yawa, ko a nuna shi a gidan kallo ga ɗaki cike da mutane har tsawon mako. A littafin furodusa, duk wannan kwali ɗaya ne. Da faifai ya maye gurbin kaset, sannan masu tura fim a waya suka maye gurbin faifai, sai kwalin ma ya ɓace. Kuɗi suna shiga hannun mutane, sai dai babu takardar da ke nuna adadinsu.

6.0 Kalandar Mai Hasashe a Arewacin Kamaru

Wanda ke son ya yi kirdadon shekarar kallo a Garwa dole ya ɗora kalanda uku a kan juna. Ta farko ita ce ta Musulunci. A watan azumi dare na tafsiri ne da sallar asham, kallon fim yana ja baya, ranar Sallah kuma sai kasuwa ta buɗe gaba ɗaya. Shi ya sa masu fim na Kano suka saba ajiye manyan fina-finansu sai Sallah.

Ta biyu ita ce ta noma. Garwa ce hedkwatar SODECOTON, kamfanin auduga da aka kafa a 1974, kuma kuɗin auduga suna shiga hannun manoma ne da rani, bayan an tsince ta. Da damina, musamman a watan Agusta, ruwa yana tsare mutane a gida, aljihu kuma babu nauyi.

Wahalar ita ce waɗannan kalanda biyu ba sa tafiya tare. Shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kwana 11, don haka Sallah tana zagaya lokutan shekara cikin kimanin shekara 33. A shekarar 2000 an yi Ƙaramar Sallah sau biyu, a Janairu da kuma a Disamba, duk a lokacin kuɗin auduga. A 2011 ta faɗo a ƙarshen Agusta, tsakiyar damina. A 2025 ta zo a ƙarshen Maris, cikin tsananin zafi. Saboda haka ba a kwatanta watan Agustan bana da na shekara goma baya ba tare da an tambayi inda Sallah ta faɗo ba.

Ta uku ita ce ta ƙwallon ƙafa, domin akwatin da ke nuna fim a gidan kallo shi ne ke nuna wasa. A Janairun 2022 filin Roumdé Adjia na Garwa ya karɓi wasannin gasar cin kofin Afirka, ciki har da wanda Nijeriya ta ci Masar 1 da nema. A irin wannan wata, fim sai dai ya jira.

7.0 Sabuwar Taga

Intanet ta dawo da wani nau'in ƙidaya. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, waɗanda suka yi tashe daga 2020, ana ɗora su a YouTube, inda kowa ke ganin adadin kallo, mai tasha kuma yana ganin ƙasashen da masu kallon suke. Ƙa'idar raguwa da aka bayyana a sama tana aiki a nan ma: kwanakin farko su ne mafi yawa, saurin saukar kuma shi ke nuna ko shirin ya karɓu. Sai dai ma'aunin yana da giɓi biyu. Kuɗin talla da ake biya a kan kallo dubu ɗaya sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma mutum ɗaya da ya sauke fim ya tura wa mutum hamsin a kasuwa, kallo ɗaya aka rubuta.

8.0 Kammalawa

Hasashe ba duba ba ne, ɗan ƙidaya ne. Inda aka adana alƙaluman shekaru, mai fim yana iya nuna wa mai jari abin da irin fim ɗinsa ya saba kawowa, ya san farashin da zai yanka wa gidan talabijin, ya kuma zaɓi makon fita da hujja. Inda ba a adana ba, sai ya sayar da hasashen zuci, kuma wanda ya fi shi sanin kasuwa shi ke cin ribar. Masu kallo na Garwa sun fi shekara 30 suna cikin kasuwar fim ɗin Hausa, amma ba a taɓa saka su a lissafinta yadda ya kamata ba. Aikin da ke gaban ɗalibin wannan fanni ba mai tsada ba ne: littafi guda, da gidan kallo ko shagon tura fim guda, da haƙurin rubuta abin da aka nema kowace rana daga wannan Sallah zuwa mai zuwa.