Maciji Mai Caki na Hamadar Amurka

Ga labarin wani maciji wanda ba a samunsa sai a nahiyar Amurka. Yana da yawa cikin hamadar Sonora da ta Mohabe, inda mutanen can suka saba fita yawon ƙafa bisa turbobin duwatsu don shan iska. A jihar Arizona kaɗai an ƙidaya iri 13.

Dangin kububuwa ne da kasa. Kansa faffaɗa ne, wuyansa siriri, kuma tsakanin ido da hanci akwai ɗan rami wanda yake jin ɗumin jikin ɓera da shi, ko da cikin duhu. Amma babbar shaidarsa tana ga wutsiya, watau cakin nan. Ba tsakuwa a cikinsa. Ɓawo ne irin na farce, gaɓa cikin gaɓa, in ya kaɗa su sai su bugi juna. Wanda ya taɓa jin kububuwa tana goga jikinta don gargaɗi ya san manufar wannan ƙara.

To, ka sani, ya kai mai karatu, wanda ya dogara ga kunne kaɗai ya yi ganganci. Jaririnsa gaɓa ɗaya tak yake fitowa da ita, ba ta ƙara, alhali yana da dafi tun ranar haihuwa. Babba kuwa cakinsa kan karye, wani ma yakan kwanta shiru har a taka shi. Masu cewa ana sanin shekarunsa da ƙirga gaɓoɓi sun yi kuskure, gama gaɓa tana ƙaruwa ne duk sa'ad da ya yi saɓa, yakan kuwa yi saɓa fiye da sau ɗaya a shekara.

Iri biyu ne suka fi rikita matafiya, domin dukansu suna da zane mai kusurwa huɗu jere a gadon baya, da zobba baƙi da fari gab da caki. In faɗin baƙi da na fari kusan ɗaya ne, wannan shi ne babban, wanda kan wuce ƙafa 4. In kuwa fari ya fi faɗi, jikin kuma da ɗan kore-kore, na Mohabe ke nan, wanda dafin waɗansunsu kan kashe jijiya har numfashi ya gagara. Na uku ba ya ɓoyuwa: ɗan ƙarami ne, da ƙaho bisa kowane ido, yana tafiya a karkace kan rairayi. Fataken da suka keta Sahara sun san mai kama da shi, ko da yake namu ba shi da caki.

Akwai kuma wani maras dafi mai kwaikwayonsa, yana kaɗa wutsiya cikin busasshen ganye, amma tasa wutsiya tsini gare ta.

Duk wannan dubawa daga nesa ake yinta, gama yana kai sara kamar rabin tsawonsa, kan da aka datse ma yakan yi cizo. Wanda aka sara, likitocin can sun hana tsaga da tsotsa da ɗaure gaɓa tamau. Sai a cire masa zobe da agogo kafin kumburi, a garzaya da shi asibiti, inda ake da allurar karya dafin.