Wace Manhaja Ce Za Ta Buɗe Fayil?

Kusan kowane fayil yana da 'yan haruffa a ƙarshen sunansa, kamar .docx ko .odt, kuma da su Windows ke gane manhajar da za ta buɗe shi. Rikici yakan taso idan sabuwar manhajar ofis ta ƙwace waɗannan fayiloli lokacin girkawa ba tare da tambaya ba.

Tsarin manhajar ofis ta LibreOffice ya fi dacewa. Tana ɗaukar nata, wato .odt da .ods, amma na Word, Excel da PowerPoint tana ba mai girkawa damar zaɓa. Haka kuma, tun fitowar Windows 10 a 2015, Microsoft ya taƙaita ikon manhajoji na sauya wannan zaɓi da kansu. Hukuncin na mai kwamfuta ne.