Daga tsibiri zuwa tsibiri a tabkin Cadi: wane jirgi ya kamata ɗan kasuwa ya shiga?

Kamar yadda kowa ya sani, da zarar an gama girbin gero an zuba a rumbu, garuruwanmu na ƙasar Urafan da Tasawa da Mayahi sukan rage jama'a. Wasu su yi kudu Kano da Legas, wasu su yi arewa Agadas da Libiya, wasu kuma su hau babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, su ratsa Damagaram da Gure da Maine-Sorowa da Difa har Gigimi inda kwalta ta ƙare, saboda neman kifin tabkin Cadi. Akwai masu zuwa su, akwai masu zuwa aikin banda, akwai kuma ƴan kasuwa maza da mata da ke kai gero da kayan koli da atamfa su sauko da kwalayen bandar tarwaɗa da ƙarfasa.

To amma akwai wani abu guda da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kansa: mu mutanen tudu ne. Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi sunansa kawai gulbi, kwari ne na goruba da yashi. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na tabkin damina da shanu ke sha. Da yawa daga cikinmu har suka girma ba su taɓa yin iyo ba, balle iyayenmu mata. Mutumin da zai taɓa buhun gero ya gaya maka tiya nawa ce a ciki, ko ya dubi haƙoran rago ya faɗi shekarunsa, in ya tsaya a bakin ruwa sai ya koma baƙo, duk jirgin da aka nuna masa shi zai shiga. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan fili mu yi magana a kan zaɓen jirgi, domin a can kifi ba a bakin hanya yake ba, sai an tsallaka daga wannan tsibiri zuwa wancan.

Ruwan da ba ya zama wuri ɗaya

Tabkin Cadi ƙasashe huɗu ne suka kewaye shi: Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru, kuma tun shekarar 1964 suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai kula da shi, wadda mazauninta yake Injamena. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, lokacin Gigimi tana bakin ruwa. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, na kudu da na arewa, fari na shekarun 1980 kuma ya ƙara tsuke shi har ɓangarenmu na arewa ya riƙa ƙafewa, ana noma a inda dā ake jefa koma. Daga baya ruwa ya riƙa dawowa, kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 sun sake cika wurare da dama.

Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tabkin daga kogin Shari yake zuwa, daga can kudu. Namu kogin, Komadugu Yobe, da ke shiga tabkin a wajen Boso, kaɗan yake kawowa. Ruwan Shari kuwa tafiyarsa doguwa ce, sai damina ta wuce yake cika tabkin, ɓangaren arewa ma sai cikin sanyi yake samun rabonsa. Wato lokacin da ruwa ya fi yawa shi ne lokacin da mutanenmu ke isa cin rani, kuma shi ne lokacin iskar hunturu. Tabkin ba shi da zurfi sosai, yawancin wurare ƴan mitoci ne, amma kada wannan ya ruɗi kowa. Ruwa marar zurfi in iska ta kaɗa shi igiyarsa gajera ce mai saurin dukan jirgi, ƙasansa kuma laka ce da ciyawa. Wanda bai iya ruwa ba, taƙi ɗaya a saman kansa ya isa.

Haka kuma hanyoyin ruwan ba su da tabbas. Akwai ɗaruruwan tsibirai, irin waɗanda ake kira tumbu, akwai kuma dunƙulen ciyawa masu yawo a kan ruwa da iska kan tura su toshe mashigar da aka bi jiya. Akwai kututturan itatuwan da suka tsiro a shekarun fari, yanzu ruwa ya rufe su, ga kuma dorina. Hanyar bara ba ita ce hanyar bana ba.

Jirage iri uku

In mutum ya isa doro, wato tashar jiragen ruwa kamar yadda ake cewa a can, misali Doro Lelewa ko Doron Baga, jirage iri uku zai tarar. Na farko shi ne babban jirgin katako mai inji, jirgin ranar kasuwa. Shi ya fi araha, shi ke ɗaukar buhuna da kwalaye da jarkoki da babura da awaki da mutane gaba ɗaya, kuma ba ya tashi sai mai shi ya ga babu sauran wurin aje ƙafa. Na biyu shi ne matsakaicin jirgi mai inji, wanda mutum biyar ko goma kan haɗa kuɗi su ɗauki shatarsa. Ya fi tsada, amma ku ke da ikon cewa kaya ya isa haka, ku ke da ikon zaɓen lokacin tashi. Na uku shi ne ƙaramin kwale-kwale da ake tuƙawa da gora ko filafili. Wannan na gajeren fito ne, tsakanin tsibirai biyu da ke kallon juna, cikin ruwa kwance. Yana shiga lungun da mai inji ba ya shiga, amma ba shi da ƙarfin faɗa da iska a fili.

Babu wanda za a ce shi ne mai kyau a kowane hali. Abin da muke so ɗan kasuwa ya gane shi ne, kuɗin fito shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya tambaya. Bambancin da ke tsakanin jirgi mai araha da mai tsada bai kai ribar kwali ɗaya na banda ba, alhali abin da ke cikin jirgin shi ne jarin shekara, wani ma bashi ne ko kuɗin adashi, ga kuma rai a kai. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Abin da ido zai duba

Ba sai mutum ya zama sarkin ruwa ba kafin ya gane jirgin da ya yi nauyi. Ka tsaya a gefe bayan an gama lodi, ka dubi tsakanin bakin jirgin da fuskar ruwa. In abin da ya rage bai fi taƙi ba, to jirgin nan igiyar ruwa ɗaya yake jira. Ka duba ko ya karkata gefe guda. Ka duba yadda aka jera kaya: mai nauyi a ƙasa ya kamata ya zauna, a tsakiya, ba a tula shi sama mutane su hau kansa ba, domin duk abin da nauyinsa ya koma sama kifewa yake yi, kamar amalanken da aka yi wa lodin kara fiye da kima.

Sai cikin jirgin. Kowane jirgin katako yana ɗan tsatsar ruwa, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in tun jirgi yana tsaye a tasha yaro yana ta kwasar ruwa ba hutawa, ko ka ga an cusa tsummoki da leda a tsakanin katakai, ko katakon ya yi laushi farce na shiga, ka nemi wani. Ka tambaya ko akwai gora da filafili ko da inji zai mutu, ko akwai man da ya wuce na zuwa kawai, domin ciyawa takan naɗe farfela, hanya takan toshe a yi zagaye.

Sai matuƙi. Budumawa, waɗanda su ne asalin mazauna tsibiran, har shanunsu na kuri iyo suke yi daga tsibiri zuwa tsibiri, akwai kuma Barebari da Hausawa masunta da suka shekara da shekaru a ruwan. Irin waɗannan ake nema, ba yaron da aka ba inji bara ba. Hanyar sanin matuƙi ba wuya: ka tambayi fatomanka, ka tambayi matan da ke sayar da abinci a tashar. Su ne ke ganin tashin kowane jirgi da dawowarsa, sun san mai haƙuri, sun san mai ganganci da mai shaye-shaye.

Sai lokaci. A hunturu iska takan ƙarfafa da hantsi, ga hazo da ke rufe ido har tsibirin da ke gabanka ya ɓace. A damina kuwa hadari yakan taso daga gabas, yawanci da yamma, da iska mai ƙarfi a gabansa. In tsofaffin matuƙa sun ɗaure jiragensu sun zauna, kada ka bi wanda ya ce shi zai iya. Tafiyar dare kuma a bar ta gaba ɗaya, ko da kasuwa za ta watse. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya faru da wasu

Ba tsoratarwa muke yi ba, abin ya sha faruwa. Ranar 26 ga watan Mayu na 2021, wani jirgin katako ya taso daga jahar Neja ta Najeriya zuwa Wara a jahar Kabi, a kan kogin Kwara, ɗauke da mutum sama da 150 da kaya masu nauyi, akasarinsu masu neman abinci irinmu, da mata da yara. Jirgin ya tsufa, ya dare a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai ba su fi ashirin da ƴan kai ba.

Can kuma a gabashin Afirka, a Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, akwai manyan tsibirai biyu, Unguja da Pemba, da jama'a ke zirga-zirga a tsakaninsu kullum. A daren 10 ga Satumba na 2011 jirgin Spice Islander ya nutse a tsakanin tsibiran nan. Jirgin ƙarfe ne babba, an yi shi don mutum ƙasa da 700, amma binciken gwamnati ya nuna ya ɗauki sama da 2,000, ban da kaya. Mutum fiye da 1,500 ne suka mutu ko suka ɓace. Abin lura a nan shi ne, tun a tasha wasu fasinjoji suka ga jirgin ya karkata suka ƙi tafiya a cikinsa. Ba injiniyoyi ba ne, ido kawai suka yi amfani da shi, suka kuma yarda su yi asarar kuɗin tikiti. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace: in zuciyarka ba ta kwanta ba, ka sauka, ko da an yi maka dariya, ko da ba a mayar maka da kuɗinka ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Maganar tsaro

Ba za a yi zancen tsibiran tabkin Cadi a tsallake wannan ba. Ranar 25 ga Afrilu na 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari tsibirin Karamga, suka kashe sojojin Nijar 46 da farar hula 28. Bayan haka hukuma ta ba da umurnin a fice daga tsibiran, mutum sama da 25,000 suka fito Gigimi da Boso, da yawa a ƙafa. An kuma hana su da fataucin kifi a jahar Difa, sai a 2019 aka ɗage hanin. Har yanzu akwai tsibiran da ƴan bindiga ke riƙe da su, suna karɓar haraji a hannun masunta, suna kama mutane don kuɗin fansa. Saboda haka kafin a tambayi wane jirgi, a fara tambayar wane tsibiri. A ji ta bakin hukumomin wurin da sarakunan gargajiya da shugabannin ƴan kifi, a riƙe takardar shaidar ɗan ƙasa. Duk matuƙin da ya ce zai bi da kai ta ɓarauniyar hanya don kauce wa bincike, ka sani ya sa ka tsakanin wuta biyu. Kifin da sai an shiga irin wannan wuri, gara a saye shi a kasuwar bakin tudu a ci riba kaɗan.

Ga iyayenmu mata da ƴan'uwa ƴan kasuwa

In hali ya yi, a raba kaya da rai. A sa kwalaye a babban jirgi a hannun amintaccen fatoma ko yaron gida, a yi wa kowane kwali alama, a ƙirga a gaban shaidu, ku kuma ku haɗa kuɗi ku shiga jirgi marar nauyi. In akwai rigar ruwa a sa ta, a ɗaure ta da kyau, ba a zauna a kanta ba. Ƙungiyoyin mata masu adashi suna iya sayen ƴan kaɗan su riƙa ba duk wadda za ta yi tafiya. In babu, jarkar lita 20 da babu kome a ciki, an rufe bakinta gam, tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa. A aje ta kusa da hannu. Ƙananan yara a bar su gida wajen kaka in da yadda za a yi. Kada a zauna ƙarƙashin tanti da aka ɗaure ko a tsakanin buhuna inda ba mafita. In jirgi ya yi tangaɗi kowa ya zauna inda yake, domin rugawa gefe guda ita ke ƙarasa kifar da shi. In kuma ƙaddara ta faɗa, a saki kaya a kama jikin jirgin, katako yakan daɗe bai nutse ba.

Kafin a tashi a buga waya gida, a faɗi sunan tsibirin da za a je da sunan mai jirgin da ranar dawowa. Sannan muna kira ga shugabannin tashoshin jiragen da hukumomi da su sa ido a kan lodi kamar yadda ake yi a tashar mota, a rubuta sunayen fasinjoji, a ƙayyade abin da kowane jirgi zai ɗauka.

Addu'ar shiga jirgi tana da kyau, kuma kowa ya yi ta. Amma addini bai ce a rufe ido ba, an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya da alherin da suka fita nema, amin.