Harbin Rina: Wanne Ake Jinya a Gida, Wanne Ake Kaiwa Asibiti?

Daga tsakiyar damina zuwa kaka, rina takan yi yawa a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe. Muna ganin gidanta a bakin rumbu, a reshen darbejiya, har a ƙarƙashin kwanon majami'a. Ita ba kamar zanzaro ba ce, wanda yake gina ɗan ɗakinsa na laka a bango, kuma da wuya ya yi harbi sai an matse shi. Rina a taro take zaune tana tsaron 'ya'yanta. Ƙudan zuma yakan bar ƙarinsa a jikin mutum ya mutu, amma ƙarin rina ba ya maƙalewa, saboda haka guda ɗaya tana iya yin harbi sau da yawa.

Yawancin harbi a gida yake warkewa. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi ko ƙanƙara kamar minti 10, a cire zobe idan a hannu ne. Zafin zai ragu, kumburin kuwa yana iya kai kwana biyu ko uku. Ba sai an yi tsaga ba.

Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya jituwa da dafin ko kaɗan, harbi ɗaya ya isa ya yi ajalinsu. Alamun sukan bayyana cikin 'yan mintoci: ƙuraje masu ƙaiƙayi a duk jiki, kumburin leɓe da harshe, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, jiri ko suma. 'Yan'uwa, wannan ba lokacin jiƙa sassaƙe ba ne, ba kuma na jiran maigida ya dawo daga gona. Allurar adiranalin ce maganinsa, a wurin ma'aikatan lafiya take. Wanda yake Jabo, ko Dogon Daji, ko Kuchi, ya nufi asibiti mafi kusa nan take, a kwance idan yana jin jiri. Haka ma idan harbin a cikin baki ne, ko rina da yawa suka taru wa ƙaramin yaro, domin dafi mai yawa yana taɓa ƙoda. Idan fitsari ya koma baƙi-baƙi, a koma wurin likita.

Kyanwa, wadda muke kira mussa a ƙasar Sakkwato, farautar duk abin da ke tashi take yi, shi ya sa a fuska ko a ƙafar gaba aka fi harbinta. Za mu ga tana ɗingishi, tana lasar wurin. Tsumma mai sanyi ya wadatar. Idan tana haki da baki buɗe, ko tana amai, ko ta kasa tsayuwa, sai likitan dabbobi. Kada tausayi ya sa mu ba ta farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta, mu rasa mai tsare mana hatsi daga ɓera.

Gidan rina da ke nesa da hanya, gara a ƙyale shi, gama tsutsotsin da ke cin amfanin gona take kai wa 'ya'yanta. Wanda yake bakin ƙofa ko kusa da wurin wasan yara, babba ya cire shi da dare ko da asuba, jiki a rufe, banda wanda harbi ya taɓa sumar da shi. Kada a kai wuta kusa da jinka ko rumbu. Idan an fesa maganin ƙwari, a hana yara da kyanwa shiga wurin sai an share matattun, iska kuma ta ratsa.